Ƙudan Ayaba da Rigimar Masarar TELA

Tun da aka amince da masarar TELA a Janairun 2024, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ake ta cacar baki a rediyo da WhatsApp kan "ƙwayoyin gado", kai ka ce wata guba ce Bature ya ƙullo a leda. Ba hukunci na zo yanke wa masarar ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da masu zagi da masu yabo, ƙalilan ne suka tsaya tambayar yadda ƙwayoyin nan ke aiki.

Malamin da zai koya mana yana nan Babbar Kasuwar Kaduna, wajen masu kayan marmari. Ɗaga ayabar da ta nuna har ta fara baƙi, za ka ga 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu jajayen idanu sun tashi buu, mai tebur na korarsu da guntun kwali. Idon kowanne tarin ƙananan idanu ne wajen 800, da ƙafa yake ɗanɗana abinci, da 'yan ƙahonnin kansa yake shinshina. To amma ƙwayoyin gadon da ke cikin idon, su ne dai a ƙafar. Bambancin kawai, wacce aka kunna, a ina, kuma yaushe. A 1995 Walter Gehring da abokan aikinsa a birnin Basel suka kunna makunnin ido inda ba muhallinsa ba, sai ga idanu sun tsiro wa ƙuda a ƙafa da fiffike. Suka ɗauko irin makunnin daga ɓera suka gwada, idon ƙuda ya sake fitowa, ba na ɓera ba.

Ga inda abin ke mini ciwo. Ƙudan nan namu ne, asalinsa Afirka kudu da Sahara. A 2018 masu bincike sun bayyana yadda suka tarar da shi a dazukan Zimbabwe yana bin 'ya'yan danya, danyar nan dai da muka sani. Ƙudan nan ne Thomas Morgan ya yi kiwo cikin kwalaben madara da ayaba a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya tsinci mai farin ido a 1910, ya karɓi kyautar Nobel a 1933. Mu kuwa kwali muke ɗaukar masa.

A Ibadan, Farfesa Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horarwa a kan ƙudan nan. Jami'an iliminmu na Kaduna fa, me suke jira? Kada a ce babu kuɗi. Kwalba ce da auduga da ayabar da ɗan kasuwa zai zubar da yamma, cikin kwana goma ɗalibin sakandare ya ga ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙuda mai jajayen idanu.