Kulawar ƙarshen rayuwa ga masu sankarar jini

Kulawar ƙarshen rayuwa ga masu sankarar jini ita ce jinyar da ake yi wa majiyyaci bayan maganin kashe cutar ya daina aiki, ko jikinsa ya gaza ɗaukarsa. Manufarta rage raɗaɗi, kiyaye mutuncin mara lafiya da tallafa wa iyalinsa. Ta bambanta da ta sauran nau'o'in sankara, domin cutar a ɓargo take zama, inda jiki ke samar da jini.

Tarihi

Tsarin zamani na wannan kulawa ya faro ne a Ingila, inda Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na ba da maganin zafin sankara, daga farasitamol har zuwa mofin. A 2014 babban taron hukumar ya buƙaci ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan na cikin na farko da suka ware mata sashe.

Buƙatun jiki

Idan ɓargo ya gaza, matsaloli uku ne ke biyo baya. Ƙarancin jajayen ƙwayoyin jini yana kawo kasala, jiri da haki. Ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini yana jawo haɓo, zubar jini daga dasashi da tabo a fata. Rashin lafiyayyun fararen ƙwayoyi kuma yana buɗe wa cututtuka ƙofa, shi ya sa ba a wasa da zazzaɓi komai ƙanƙantarsa. Zubar jini da harbuwa da ƙwayoyin cuta su ne suka fi zama ajalin masu wannan ciwo.

Ana guje wa asfirin, ibufurofen da daikulofenak saboda suna ƙara zubar jini. Haka nan allurar tsoka, ƙaho, tsaga da sakiya. Auduga ko burushi mai laushi sun fi asuwaki dacewa wajen tsabtace baki. Ciwon ƙashi mai tsanani yana buƙatar mofin bisa umarnin likita, kuma akan haɗa shi da maganin taurin bayan gida. Ma'aikatan jinya kan shawarci iyali su ajiye tawul mai duhun launi kusa da shimfiɗa, don idan jini ya ɓalle kada ganinsa ya firgita majiyyaci.

Ƙarin jini

Ƙarin jini ba ya warkar da cutar, amma yana dawo da ƙarfi na ɗan lokaci. Jajayen ƙwayoyi kan yi makonni biyar zuwa shida a firji, ƙwayoyin daskarar da jini kuwa kwana biyar kawai suke yi, don haka samunsu ya fi wuya. Wannan ne ke ɗaure majiyyaci da asibiti har kwanakinsa na ƙarshe. Idan amfanin ƙarin ya taƙaita, wahalar zirga-zirga ta rinjaye shi, likita da majiyyaci da iyali kan zauna su yanke shawarar rage shi ko dakatarwa.

A Katsina

Mazauna Ƙofar Kwaya da sauran unguwannin birnin Katsina sun dogara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina. Akan tura wasu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Galibi 'yan uwa ne ke neman wanda zai ba da jini, su kuma biya kuɗin gwaji da magani daga aljihunsu. Jinyar gida ta fi faɗawa kan mata: uwa, matar aure ko 'ya.

Dubiya al'ada ce mai ƙarfi, amma cunkoso a ɗaki haɗari ne ga wanda garkuwar jikinsa ta raunana. Ana so masu dubiya su wanke hannu, su taƙaita zama, mai mura ko tari kuma ya aiko da gaisuwa. Kwana cikin gidan sauro yana da muhimmanci, musamman da damina.

Sanar da majiyyaci

Iyalai da yawa kan ɓoye wa mara lafiya halin da yake ciki don kada hankalinsa ya tashi. Masana wannan fanni suna ganin a tambaye shi gwargwadon abin da yake son sani, a faɗa masa a hankali. Wanda ya san halinsa yana samun damar yin wasiyya, biyan bashi, neman gafarar jama'a da zaɓar inda zai cika, gida ko asibiti. A gidajen Musulmi akan laƙƙana masa kalmar shahada cikin taushin murya, Kiristoci kuma kan kira fasto ya yi addu'a. Yara masu cutar su ma suna buƙatar bayani daidai da shekarunsu, da barin mahaifiya ta zauna tare da su.