Shayin Jan Kuloba Da Waken Soya

Mace idan ta kai shekara 45 zuwa 55 al'adarta takan ɗauke. Wasu matan sai zafi ya riƙa taso musu farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, ga gumi da dare, ga rashin barci. Turawa suna da wani shayi da suke sha don wannan, na furen wata ciyawa mai suna jan kuloba. Kafin magidanci a Fassi ko Rano ya sayar da hatsinsa ya saya wa iyalinsa, ya kamata ya san abin da zai saya.

Ita jan kuloba ciyawar dabbobi ce ta ƙasashen sanyi, ba a nomanta a ƙasar Hausa. Ganyenta uku-uku ne, kuma dangin wake da gyaɗa ce, watau tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Tumaki ne suka tona asirin wannan dangi. A Ostireliya ta Yamma makiyaya suka ga tumakinsu sun daina ɗaukar ciki, masu ciki kuwa haihuwa tana ba su wuya. A 1946 wani likitan dabbobi, H. W. Bennetts, da abokan aikinsa suka nuna cewa wata irin kuloba da ake shuka musu ce sanadi. Ashe a cikinta akwai sinadari mai kama da wanda jikin mace yake ragewa idan al'ada ta ɗauke. Ana kiransa isofilabon, jan kuloba ma tana da shi. Daga nan aka yi tsammanin zai yi wa mata magani.

To, an gwada. A 2003 likitoci a Amurka suka bayyana sakamakon gwajin mata 252, waɗanda suka yi mako 12 suna shan ƙwayoyi. Wasu aka ba su na jan kuloba, wasu na banza marasa magani. Duka zafin ya ragu musu, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wannan fa ƙwaya ce mai ma'auni. Shayi kuwa ba shi da tsayayyen ma'auni.

Manomin ƙasar Kibiya yana da ɗan'uwan wannan ciyawa a kusa, shi ne waken soya, wanda shi ma yana ɗauke da isofilabon. Gwaje-gwaje sun nuna wasu matan kan sami ɗan sauƙi da shi, wasu ba sa samu. Amma ko bai rage zafi ba, kuɗi ba su tafi banza ba, domin abinci ne mai gina jiki: awara, kunu, madara, daddawa. Sai dai lalle a dafa shi sosai. A gona kuma, in an shuka shi bana aka bi shi da masara ko dawa baɗi, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage ƙuduji.

Ga gargaɗi. Mai ciki, da mai shayarwa, da wadda ta taɓa ciwon dajin nono, kada su sha shayin kuloba sai da izinin likita. Macen da ta shekara ba ta ga jini ba, sa'an nan ya dawo, ba shayi ne maganinta ba. Maigida ya kai ta asibitin Rano ko na Aminu Kano ba da jinkiri ba, gama wani lokaci alamar ciwon mahaifa ce, wanda ya fi warkuwa in an kama shi da wuri.