Littattafan da Abubakar Imam Ya Karanta

Jama'a, wanda duk ke son ya san marubuci, to ya binciki abin da marubucin ya karanta. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya tashi da karatun Larabci, shi ya sa ake jin ƙanshin Maƙamatul Hariri cikin Ruwan Bagaja. Da ya zauna Zariya a 1936 don rubuta Magana Jari Ce, sai ya ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu rigar Hausa. Saboda haka ɗalibin da ya tsaya kan littattafan jarrabawa kaɗai, kada ya sa rai alƙalaminsa zai yi kaifi. Sai ya haɗa da hikaya, da tarihi, da waƙa.