Kaskon wuta a cikin ɗaki: abin da iska ke yi mana da daren hunturu

Hunturu ya kama. Tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu haka za mu yi ta fama, rana da hazo, dare da sanyi mai shiga ƙashi. A irin wannan lokaci ne muke yawan yi wa iyaye mata tafinta a asibitin sansani, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: an kwana lafiya, an tashi da ciwon kai, yara suna amai, uwa tana jin jiri. In aka tambaya ko an shiga da kaskon wuta ɗaki, sai a ce ƙwarai, ai garwashi ne kawai, babu ko hayaƙi. To a nan matsalar take, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani dalla-dalla.

Mu fara da iskar da muke shaƙa. Yaranmu da ke zuwa makaranta an koya musu cewa ba abu guda ba ce, gauraye take. A cikin kashi 100, kusan kashi 78 wata iska ce mai suna naitirojin, wadda ke shiga huhu ta fito ba ta yi mana komai ba. Kashi 21 kuwa oksijin ce, ita ce jiki ke rayuwa da ita. Ita ce kuma wuta ke ci da ita. Ku kunna kyandir ku kifa masa kofin gilashi, ba za a jima ba zai mutu, don ya rage oksijin ɗin da ke cikin kofin har ta kasa riƙe harshen wutar. Ke nan duk daren da aka rufe ƙofa da kasko a ciki, mutanen ɗakin da garwashin abinci ɗaya suke rabawa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Gawayi idan ya sami wadatacciyar iska yana ƙonewa sosai. Idan iskar ta yi masa kaɗan, sai ya riƙa ci rabi da rabi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Hayaƙin itace yakan kori mutum waje da kansa. Ita wannan ba ta gargaɗi. Garwashin da ya yi jajir, ya lafa, toka ta soma rufe shi, yana ci gaba da fitar da ita har gari ya waye.

A cikin jininmu akwai sinadarin da ke ba shi jan launi, aikinsa ya ɗauki oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Wannan sinadari yana kama kabon monoksaid da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin fiye da sau 200, kuma in ya kama ba ya saki da wuri. Sai mutum ya yi ta numfashi kamar kullum, alhali jininsa na zagawa da guba a madadin abin da jiki ke buƙata. Wanda ke a farke zai ji kansa na sara, ƙafafu su yi nauyi, zuciya ta riƙa tashi. Mai barci kuwa barcinsa ne zai ƙara nauyi. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu ƙarancin jini, har da masu sikila, su ne abin ke saurin kayarwa.

Mun sha jin ana cewa iska ce ta taɓa wance cikin dare. Ba mu zo jayayya da kowa ba, amma sau da yawa iskar da ta taɓa ta daga kaskon da ke gefen shimfiɗarta ta fito. Wasu kuma sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne su nemi magani. Ga yadda za ku bambanta: wannan ba ya zuwa da zafin jiki, yakan kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma da an fita fili sai a ji dama-dama.

Ɗakunanmu na nan sun fi na gida haɗari. Ɗakin jinka yana numfashi ta cikin ciyawa. Tamfol da leda ba sa barin iska ta wuce, ga shi da sanyi ya matsa sai mu toshe kowace kafa da tsumma. Gawayin da ake curawa da ɓawon gyaɗa ko totuwar masara yana rage saran itatuwa, yana da kyau wajen girki, amma shi ma gawayi ne, hukuncinsu ɗaya. Haka janareta: masu shagon cajin waya kada su kwana da shi a kunne a inda mutum ke barci.

To yaya za a yi da sanyin? Ya kamata mu san inda yake fitowa. Iskar hunturu daga hamada take tasowa, ta arewa maso gabas, kuma ƙura mai yawa daga cikin hazon nan tana tashi ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da ruwan tsohon tafkin Chadi ya kwanta. Busasshiyar iska ce. Da damina, danshin da ke sama da gizagizai suna tare zafin da ƙasa ta sha da rana, kamar bargo. Da hunturu babu wannan bargon, sai zafin ya yi ta tsiyayewa sama duk dare, shi ya sa sanyin asuba ya fi kowane tsanani.

Jikin mutum da kansa murhu ne, abincin da muka ci shi ne makamashinsa. Dabarar ita ce a hana ɗumin jiki gudu. Ƙasa ta fi iska saurin zuƙe shi, don haka abin da ke ƙarƙashinku ya kai abin rufa muhimmanci. Ku shimfiɗa kwali ko buhu ko busasshiyar ciyawa kafin tabarma. Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi mai kauri guda, saboda iskar da ta maƙale a tsakaninsu ba ta barin zafi ya wuce da sauri. A sa wa yara hula da safa. Wanda ke son ƙarin ɗumi ya zuba ruwan zafi a jarka ya ɗaure bakin sosai, ya naɗe da zane ya ajiye wajen ƙafa, ba jikin jariri ba. A ji ɗumi a waje, a kashe garwashin a waje. In girki ya zama dole a ciki, ƙofa ta kasance a buɗe, a kuma bar kafa ta sama, don iska mai zafi sama take yi, sabuwa ta shigo ta ƙasa.

Wajen haske, fitilar sola ba ta cin oksijin ko kaɗan, ba ta kuma kama tamfol kamar kyandir da aci-balbal. Sai dai hazo na rage mata caji, don haka ku riƙa goge farantin da tsumma mai laushi kowace safiya.

Idan kuka tarar da wani a ɗaki mai kasko ya kasa tashi ko yana sambatu, ku wangale ƙofa, ku fito da kowa fili nan take, har waɗanda suke ganin lafiyarsu lau. Wanda ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. A kai shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin gubar takan ɗauki sa'o'i kafin ta bar jini, kuma ku faɗa wa ma'aikatan lafiya cewa da gawayi aka kwana. Wanda yare ya yi wa shamaki ya ce a kira tafinta.