Matanda na ƙarewa a bakin Wouri

A Nuwamban 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa kashi 44 cikin ɗari na nau'o'in murjanin tekuna masu ɗumi suna fuskantar barazanar ƙarewa. In ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani kan kori ƙananan tsirran da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi, kifin da ke fakewa a jikinsa ya watse.

Mutumin Bonaberi a Duwala zai ce ina ruwansa, tunda laka da ruwan koguna sun hana murjani kafuwa sosai a gaɓar Kamaru. To, aikin da murjani ke yi a can, a nan matanda ce ke yin sa, itatuwan nan masu saiwoyi tsaye cikin taɓo a bakin kogin Wouri. A ƙarƙashinsu jatan lande da kaguwa da ƙananan kifi ke girma kafin su kai kasuwar Youpwé. Su ne kuma ke riƙe ƙasa, suna karya ƙarfin ruwa idan teku ya ciko.

Mu ne muke cinye su. Itacen matanda yana ci ko ɗanye ne, yana ba kifi jan launi, shi ya sa masu banda a Manoka da Cap Cameroun ba sa son wani. Kullin bifaka, wato bandararren kifi, da ake lodawa zuwa Arewa, daji ya ƙone kafin ya bushe. Akwai ingantaccen murhun banda mai rage cin itace, dillalanmu na New Bell kuwa suna da bakin da za su nemi a yi amfani da shi. Leda, wadda aka haramta tun 2014, har yau tana shaƙe magudanai da saiwoyi.

Babbar ɓarnar dai ita ce ta fili. A sare matanda, a zuba shara da ƙasa, a yanka fuloti da arha, kamar yadda aka yi a Bois des Singes da Mabanda. Duwala gari ne da ruwan samansa ke kusantar mita 4 a shekara, wanda ya ga ambaliyar Agustan 2020 ba sai an ba shi labari ba. Dokar filaye ta 1974 ta sa gaɓar da ruwan teku ke hawa cikin dukiyar gwamnati, ba ta sayuwa, kuma takardar mai unguwa ba ta hana rusau. Wanda aka yi wa tallar fili a bakin ruwa, ya je ya gan shi a watan Agusta, lokacin da teku ya cika, kafin ya ba da ko dala.