Ƙwaro mai ƙaya da babu irinsa sai a tsibirin Sant Helena

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse ko ruɓaɓɓen katako a wuri mai laima, musamman nan Kudu da ruwan sama ba ya wasa, ya san ƙananan ƙwarin nan masu launin toka da ke watsewa da gudu. To, suna da wani ɗan'uwa a tsibirin Sant Helena, can tsakiyar tekun Atilantika, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka. Nan ne Turawan Ingila suka tsare Napoleon har ya mutu a 1821.

Shi wannan launinsa ruwan ɗorawa, jikinsa duk ƙaya, tsawonsa kamar santimita ɗaya. Masana suna kiransa Pseudolaureola atlantica. A gaskiya dangin ƙaguwa ne da jatan lande, shi ya sa in babu laima ba ya rayuwa. Ba ya ɓuya a ƙasa, kan ganye yake zama a dajin ƙololuwar duwatsun tsibirin, inda gajimare ke sauka kusan kullum. Duk duniya nan kaɗai yake.

Matsalar, dajin ne ya kusa ƙarewa. Bayan Turawan Fotugal sun gano tsibirin a 1502, aka saki awaki suka bazu. Ni da na tashi a kara na san aikin akuya: ba ta barin tsiro ya girma. Daga baya aka sare dajin saman duwatsu aka shuka wata ciyawa daga New Zealand da ake yin igiya da ita. Kasuwarta ta mutu a shekarun 1960, amma ciyawar ta ci gaba da mamaye wurin. Ga kuma ɓeraye.

Akwai lokacin da aka ɗauka saura 'yan ƙalilan ne. Sai aka gano cewa in an haska shi da dare da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, jikinsa na walƙiya. Da haka masu bincike suka ƙirga ɗaruruwa, har a wuraren da ba a san yana nan ba.

Duk da haka yana cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa. Aikin da ake yi yanzu na wahala ne: ma'aikata su hau dutse su tumɓuke baƙuwar ciyawar, su raini itatuwan asali, su dasa ɗaya bayan ɗaya, don dajin ya sake haɗewa ya riƙe laima.