Kilomita 53, mai tan 20,000, kamu 47 a rana: lissafin tarkon nutirino na Sin

A ranar 26 ga Agusta, 2025, masana a ƙasar Sin suka gama ɗura mai tan 20,000 cikin wata ƙatuwar ƙwallo a ƙarƙashin dutse kusa da Kaiping, a lardin Guangdong, suka fara tattara bayanai. Sunan aikin JUNO. Tun 2015 aka soma haƙar ramin, rahotanni na ƙiyasta kuɗin da ya ci tsakanin dala miliyan 300 da 400, kuma masana sama da 700 daga ƙasashe 17 ne ke cikinsa. Abin da ake sa ran na'urar za ta kama a yini guda bai kai ƙwaya 50 ba. Mai saurin yanke hukunci zai ce ɓarnar dukiya ce. Amma duk wanda ya zauna ya bi alƙaluman zai ga kowanne na gabansa ne ya tilasta shi.

Ƙwayar da ake farauta sunanta nutirino. Ba ta ɗauke da cajin lantarki, kuma ta fi ilektiron rashin nauyi aƙalla sau miliyan ɗaya. Daga rana kaɗai, kimanin biliyan 65 ne ke ratsa kowane murabba'in santimita na jikinka a daƙiƙa ɗaya, su wuce ba su taɓa komai ba. Iri uku ce, kuma tana rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya. Na'urar Super-Kamiokande ta Japan ce ta nuna haka a 1998, ta Sudbury a Kanada ta tabbatar a 2001 da 2002, abin da ya kai Takaaki Kajita da Arthur McDonald ga kyautar Nobel a 2015. Rikiɗar na nufin ƙwayar tana da nauyi, kuma nauyin mataki uku ne. Biyu suna dab da juna, na uku ya yi musu nisa. Abin da ba a sani ba shi ne ko na ukun yana sama da su ne ko yana ƙasa. Wannan tambayar aka gina JUNO domin ta amsa.

Lambar farko ita ce kilomita 53. Tashar nukiliya tana fitar da kishiyar nutirino ba adadi, kuma kyauta. Rikiɗar ƙwayar ta dogara ne da nisan da ta yi da kuma kuzarin da ta ɗauko, kuma lissafi ya nuna cewa ga irin wadda tashoshi ke fitarwa, a wajen kilomita 50 ne mafi yawanta ke ɓacewa daga idon mai ƙirga. A daidai wurin ne kuma bambancin amsoshin biyu ke fitowa. Sai aka nemi wurin da nisansa zai zo ɗaya daga tashoshi biyu, Yangjiang mai tukunyar nukiliya shida da Taishan mai biyu. Duk tukwanen takwas suna tsakanin kilomita 52.1 da 52.8 daga na'urar, wato kusan 53. Da tazararsu ta bambanta da yawa, da zanen da wata ta yi wata ce za ta goge shi. Ga wata asara da ba a cika ambata ba: tsarin farko ya ɗora lissafi kan tukwane goma masu ƙarfin zafi gigawat 35.8, amma biyu daga na Taishan ba a gina su ba, ƙarfin ya tsaya a 26.6. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin ya tafi tun kafin a kunna komai.

Nisa kuwa yana da tsada. Kowace gigawat tana fitar da kimanin ƙwaya 2 mai sifili 20 a baya cikin daƙiƙa, wato jimillar tashoshin ta kai 5 mai sifili 21. Suna watsuwa ta ko'ina. In ka raba wannan adadi a kan faɗin da suka mamaye bayan tafiyar kilomita 53, za ka samu kusan miliyan 15 ne ke ratsa kowane murabba'in santimita a daƙiƙa. Da yawa a baki. To amma sai ƙwaya ta yi karo da furoton a cikin man kafin a gan ta, kuma hakan kusan ba ya faruwa. Mafita ɗaya ce, a tara furoton masu yawa. Daga nan tan 20,000 ta fito, ninki 20 na KamLAND ta Japan wadda a da ita ce babba a irin wannan na'ura. In a tankokin dakon mai masu lita 33,000 za a ɗauko shi, sai an jera kusan 700. Tushen man wani sinadari ne da ake kira LAB, wanda masana'antu ke haɗa sabulun gari da shi. Matatar Kaduna ma an gina mata sashen sarrafa shi. Da wannan ɗimbin mai, bayan an tace abin da ba a yarda da shi ba, kamun yini yakan tsaya a wajen 47.

Lambar da ta fi ba injiniyoyi wahala ita ce kashi 3 cikin ɗari, kuma a ganina ita ce zuciyar aikin. Rikiɗar tana tafiya a kan kiɗa biyu, ɗaya mai jinkiri, ɗaya mai sauri, mai saurin ya ninka ɗayan kusan sau 30. Amsar tambayar tana ɓoye a cikin 'yan ƙananan lanƙwasa da mai saurin ke yi a bayan mai jinkirin. Ɗaya bisa 30 kusan kashi 3 ne cikin ɗari. Don haka dole kuskuren auna kuzarin kowace ƙwaya kada ya wuce wannan, in ba haka ba lanƙwasar ta dishe. KamLAND tana wajen kashi 6 da rabi, Borexino ta Italiya wajen kashi 5.

Ta yaya ake rage kuskure? Da ƙirga haske. Idan karo ya auku, man yakan yi ɗan ƙyalli, ana kuma gane kuzarin daga yawan ɗigon hasken da aka kama. Dokar ƙidaya ba ta da sassauci: ɗigo 100 kuskurensa kashi 10 ne, ɗigo 400 kashi 5, sai ka haura 1,100 kafin ka taɓa kashi 3. Kafin ka raba kuskure biyu sai ka ninka haske sau huɗu. Shi ya sa aka kewaye ƙwallon da manyan kwalaben gano haske 17,612, kowace faɗin inci 20, aka cusa ƙanana 25,600 masu inci 3 a tsakaninsu, har suka rufe kusan kashi 78 na bangon. An tsara su kama ɗigo kimanin 1,600 a kowane ma'aunin kuzari guda. Shi ya sa kuma dole man ya yi garau har haske ya yi tafiyar sama da mita 20 a cikinsa bai raunana sosai ba, tunda faɗin ƙwallon mita 35.4 ne. Ita kanta ƙwallon da robar akirilik aka yi ta, kaurinta santimita 12, gutsattsari 263 aka manna.

Kowace babbar kwalba an sa mata murfin kariya, kuma akwai dalili. A Nuwamba 2001, ana cikin sake cika Super-Kamiokande da ruwa, kwalba ɗaya ta fashe a ƙasa, ƙarfin fashewar ya bi ruwa ya farfasa sama da 6,000 cikin 11,000 da 'yan kai. Tun daga ranar babu mai gina irin wannan na'ura da ke wasa da zancen.

Sai zurfi, mita 700. Daga sama ana ruwan wasu ƙwayoyi masu suna miyuwon, kusan ɗaya a kowane murabba'in santimita a minti. Dutsen yana tare mafi yawa, duk da haka kusan huɗu na kutsawa cikin man a kowace daƙiƙa. A yini sun haura 300,000, a gefen kamu 47. Abin da ke ceton aikin shi ne nutirino tana sa hannu sau biyu: ƙyalli na farko, sannan na biyu a kusa da wurin bayan kimanin kashi 200 cikin miliyan na daƙiƙa. Ƙwallon kuma tana nutse a tafkin ruwa mai zurfin mita 44 da ke fallasa shigowar miyuwon. Don kada man kansa ya kawo ƙyallin ƙarya, yuraniyom da ke cikinsa bai kamata ya wuce giram ɗaya a tan biliyan ɗaya ba. Ramin kansa ya ba da wuya, ruwan ƙasa ya yi ta kwararowa, yana cikin abin da ya ja aikin ya kai shekara goma.

Yanzu a ninka: 47 sau 365 sau shida ya ba da kusan 100,000. Adadin da ake buƙata ke nan, shi ya sa ake cewa sai an yi shekara shida zuwa bakwai. A nan mai karatu ya yi hattara da kanun labarai. Abin da masanan suka yi alkawari bayan waɗannan shekaru shi ne tabbaci na sigma 3, wato damar a ce sa'a ce kawai ta kai kusan ɗaya cikin 370. A wannan fanni ba a cewa an gano abu sai an kai sigma 5, kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi. Da ƙirga kaɗai, tashi daga 3 zuwa 5 na buƙatar ninka bayanai kusan sau uku, wato shekara 18 ko fiye. An tsara na'urar ta yi shekara 30.

Sakamakon farko dai ya nuna na'urar lafiya lau take. A Nuwamba 2025, da bayanan kwana 59 da kamu kusan 2,400, JUNO ta auna lambobi biyu na kiɗan mai jinkiri da daidaiton da ya zarce na duk gwaje-gwajen baya a haɗe da kusan sau ɗaya da rabi.

JUNO tana da abokan tsere. Japan na gina Hyper-Kamiokande mai ruwa tan 260,000, kilomita 295 daga inda za a harbo mata nutirino a Tokai, ana sa ran ta fara a 2028. Amurka na gina DUNE, wadda za ta karɓi harbin nutirino daga cibiyar binciken Fermilab ta cikin ƙasa, tafiyar kilomita 1,300 zuwa tsohuwar mahaƙar zinare ta Homestake a Dakota ta Kudu. An kwashe dutse tan 800,000, kuma zangon farko ya haura dala biliyan 3. Doguwar tafiya cikin dutse tana sa bambancin amsoshin biyu ya fito ƙarara, don haka DUNE ce mai ƙarfin kaiwa sigma 5 cikin 'yan shekaru, sai dai harbinta ba zai fara ba sai farkon shekarun 2030. JUNO na iya riga su nuna inda amsar ta karkata, amma hukuncin ƙarshe sai an haɗa alƙalumanta da na sauran.